Babi na 6: Magini da damuwar zuci a lokacin annoba

Darasi na 1: Abin da ya same mu

Ƴan uwa, kowa ya buɗe kayensa, wato littafin rubutunsa. Wanda ya manto bik ya ara wajen na kusa da shi, ba abin kunya ba ne. Wannan babin naku ne, ku masu aikin gini: maso, lebura, mai buga bulo, mai ɗaurin ƙarfe, kafinta, mai fenti, har da ɗan ga-ruwan da ke kai ruwa shantiye, wato wurin gini. Iyayenmu mata da ke cikin aji, kada ku ce ba ruwanku, don ku ne kuke fara ganin mai gida ya sauya tun kafin shi kansa ya sani.

Mu fara da karatu. Ɗora yatsa a ƙarƙashin kalmar farko, daga hannun hagu. Waɗanda suka yi makarantar allo, na san hannunku dama yake son farawa. Boko daga hagu yake tafiya zuwa dama. Mu karanta tare, a hankali:

Cuta ta zo.
Aiki ya tsaya.
Magini ya zauna gida.
Barci ya ƙi zuwa.

Ku sake karantawa, kowa shi kaɗai. Madalla. Ɗigon nan da kuke gani a ƙarshen kowane layi yana nufin magana ta ƙare, a tsaya a ja numfashi.

To ga labarin da ke bayan layukan nan huɗu. Cutar korona ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin a ƙarshen 2019. Ranar 11 ga Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ta zama annobar duniya. Ranar 17 ga Maris shugaban Nijar na lokacin, Mahamadou Issoufou, ya yi jawabi, aka ba da umarnin rufe iyakoki da makarantu. Ranar 19 ga Maris aka samu mutum na farko mai cutar a Yamai. Daga baya aka hana sallar jam'i, ba a sake buɗe masallatai ba sai 13 ga Mayu. Azumin shekarar kuma ya faɗo cikin wannan hali, a tsakiyar zafin Afrilu da Mayu.

Mu a Maradi dukan ya zo mana sau biyu. Tun watan Agusta 2019 Najeriya ta rufe iyakarta ta ƙasa, hanyar Ɗan Issa zuwa Jibiya da Katsina ta yi sanyi, alhali kasuwar garin nan da wannan hanya take numfashi. Alhajin da kasuwarsa ta tsaya ba ya ci gaba da gini. Ya ce a dakata. Shi yana da abin da zai ci. Lebura kuwa kuɗin yini yake karɓa, ranar da bai ɗauki shebur ba ranar babu cefane. Wanda ya zo cin rani daga ƙauye ya rasa na tura wa gida, wanda ya saba tsallakawa Katsina ko Kano neman aiki ya tarar da ƙofa a rufe. Ga tsoron cuta, ga jita-jita a waya, wannan ya ce ƙarya ce, wancan ya ce kowa zai mutu.

Mutum a cikin wannan hali zuciyarsa tana gajiya kamar yadda bayansa yake gajiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a 2022 cewa a shekarar farko ta annoba, ciwon fargaba da ciwon baƙin ciki mai tsanani sun ƙaru da kashi 25 cikin 100 a duniya. Kashi 25 cikin 100 na nufin inda da akwai mutum 4 masu ciwon, sun koma 5. Ku rubuta 4, ku rubuta 5 a gefensa. Kun gani? Kenan wanda abin ya taɓa a cikinmu ba shi kaɗai ba ne, kuma ba hauka ba ne, ba rashin imani ba ne.

A watan Mayu 2023 hukumar ta ce korona ta daina zama matsalar gaggawa ta duniya. Amma bashin da aka ci a lokacin wasu har yau suna biya, kuma tsayawar aiki ba ta bar mu ba: rufe iyaka, tsadar siminti, damina, ciwo, duk suna zaunar da magini. Shi ya sa muke koyon wannan darasi yanzu.

Ga alamomin da za ku lura da su. Zan karanta, ku bi da yatsa:

Rashin barci, ko farkawa tsakar dare da tunani.
Rashin son abinci.
Saurin fushi, da matar gida, da yara, da yaron aiki.
Faɗuwar gaba ba tare da dalili ba.
Ciwon kai da nauyin jiki kullum.
Mantuwa a wurin aiki.
Gudun mutane.

A kan mantuwa zan ɗan tsaya. Mai sayar da goro in hankalinsa ya tafi, canji zai ɓata. Mai gini in hankalinsa ya tafi yana kan tsani ko kan katako a hawa na biyu, ƙasa zai zo. Maso ya manta buhu nawa aka zuba a kwaɓi, mai ɗaurin ƙarfe ya tsallake wuri bai ɗaure ba. Don haka zancen zuci a sana'arku zancen rai ne.

Aikin gida: kwafi layuka huɗun farko a kaye, sau biyu.

Darasi na 2: Takardar dare

Wannan shi ne babban darasin babin. Kada kowa ya yi sauri. Za mu yi takarda wadda za ta nuna wa mutum halin da yake ciki, ta kuma taimaki majo, wato babban ma'aikacin jinya, ko likita in an je wurinsa. Kun san yadda shugaban shantiye yake rubuta kwanakin aikin kowa don kada a yi gardama ranar biya. To irin wannan za mu yi, sai dai namu na barci da ci da zuciya ne.

Mataki na farko. Buɗe sabon shafi, wanda ba a rubuta kome a kai ba. Ja layi uku daga sama zuwa ƙasa. In ba ka da abin ja layi, gefen wani littafi ya isa. Layi uku suna raba shafi gida huɗu. Ƙirga: 1, 2, 3, 4. Wanda ya samu gida uku, layi biyu ya ja, ya ƙara ɗaya.

Mataki na biyu. A saman kowane gida rubuta kalma ɗaya, daga hagu:

Rana. Barci. Abinci. Zuciya.

Kalmomi biyun ƙarshe sun fi tsawo, rubuta su da ƙananan baƙaƙe don su shiga. In sun ɗan tsallake layi ba laifi.

A gidan Rana za ka sa kwanan wata. Lambar rana da farko, sai ɗan karkataccen layi, sai lambar wata. Misali, 5 ga watan Maris, Maris shi ne wata na uku, sai ka rubuta 5/3. In ba ka san kwanan wata ba, duba wayarka, yana saman fuskarta, ko ka tambayi yaron da ke zuwa lakwal.

Mataki na uku, kuma nan ne ake faɗuwa. Kowane dare, bayan sallar isha'i, kafin ka kwanta, ka sa alama ɗaya a kowane gida. Manyan alamomin biyu ne. O yana nufin da kyau. X yana nufin ba daɗi. A gidan Barci, barcin daren jiya ake nufi: in ka yi barci har ka tashi da ƙarfi, O. In ka yi ta juyi, ko ka farka ƙarfe biyu ba ka koma ba, X. A gidan Abinci: in ka ci da marmari, O. In an ajiye tuwo ka tsakura ka ture, X. Ku lura da kyau, in abincin ne babu a gidan, wannan daban, ka sa ɗan layi haka -, don yunwa da rashin son ci ba ɗaya ba ne, kuma likita yana so ya bambanta su. A gidan Zuciya: in yinin ya wuce da sauƙi, O. In ka yini da ƙunci, ko tsoro, ko fushi, X.

Ga yadda layi ɗaya yake fita:

5/3   X   O   X

Mu karanta shi. Ranar 5 ga Maris, mutumin nan bai yi barci ba, ya ci abinci, zuciyarsa ba daɗi. Kun ga ba da dogon rubutu ba ya faɗi abu uku. Wanda ya shigo aji watan jiya ma zai iya.

Yanzu ku saurare ni. Abu biyu ne mataki na uku yake so: a daren, da gaskiya. Ku maimaita. A daren, da gaskiya.

A daren, don me? Don mutum ba ya tuna barcin da ya yi ranar Talata in an kai Juma'a. Na sha ganin kaye an cika layi bakwai da bik ɗaya, da hannu ɗaya, a zama ɗaya, a bakin ƙofar aji kafin in shigo. Ana ganewa. Alamomin duk sun jeru tsaf kamar an buga da inji. Wannan takarda ba ta da amfani ko na dala ɗaya. Mai ita ya ɓata tawada. In ka manta dare ɗaya, ka bar layin babu kome, ka ci gaba daga yau. Layin da babu kome ya fi layin da aka cika da ka. Ba wanda zai yi maka faɗa don ka tsallake rana.

Ajiye kayen da bik a inda kake ajiye waya da dare. Hannun da zai ɗauki waya ya fara ɗaukar bik. Aikin bai kai minti ɗaya ba.

Da gaskiya, don me? Nan ne wahalar take, kuma na san dalili. Mu an raine mu a kan in an ce ina gajiya, a ce ba gajiya. In an ce ina aiki, a ce da godiya. Wannan tarbiyya ce mai kyau, ku riƙe ta a bakin hanya da wurin gaisuwa. Amma kaye ba surukinka ba ne. Ba ya jin nauyinka, ba ya kai labari majalisa. In ka kwana ido biyu ka sa O, kanka ka ruɗa. Wani dattijo a aji ya taɓa ce mini, Malam, ai in na sa X kamar na yi wa Allah butulci ne. Na ce, Baba, in ƙafarka ta kumbura ka nuna wa majo, butulci ka yi? Ya ce a'a. To X nuni ne. Ka gode wa Allah da bakinka da zuciyarka, ka sa X da hannunka in X ne.

Mu gwada. Zan faɗi hali, ku sa alama a allo.

Lebura ya dawo gida ba a ɗauke shi aiki ba. Ya ci tuwo sosai. Daren jiya ya yi barci. Amma ya yini yana tunanin kuɗin haya, har ya daka wa ɗansa tsawa a kan abin da bai kai ba. Me za a sa? O, O, X. Wanda ya sa O a gida na ƙarshe ya goge. Tsawar nan da tunanin nan X ne, ko da ya ce lafiya lau da aka gaishe shi.

Na biyu. Maso yana da aiki, an biya shi. Amma kwana yake yana juyi, abinci ba ya shiga, gabansa na faɗuwa in waya ta yi ƙara. X, X, X. Na ga wasu sun sa O don an biya shi. Ba gidan kuɗi muka ja ba. Mai kuɗi a aljihu ma zuciyarsa tana ciwo.

Na uku. Mutum ya manta bai cika ba ranar Laraba da Alhamis, yau Juma'a. Me zai yi? Ya bar layi biyu babu kome, ya cika na yau kaɗai. Wa ya ce ya cika duka? Haba, ɗan uwa. Yanzun nan muka gama faɗa. A daren. Abin da ya wuce ya wuce.

Mataki na huɗu. In layuka sun kai 14, wato mako biyu, sai a ƙirga. Ɗora yatsa a gidan Zuciya, sauko daga sama zuwa ƙasa, ƙirga X, rubuta adadin a ƙasa. Haka gidan Barci, haka gidan Abinci. Me ya sa 14? Don ma'aikatan lafiya da mako biyu suke auna wannan ciwo. Ɓacin ran kwana biyu ko uku kowa yana yi, yana wucewa. Wanda ya zauna kusan kullum har mako biyu, ya hana mutum aiki da jin daɗin abin da ya saba so, shi ne ake kai wa likita. In X ya fi O yawa a gidan Zuciya, ɗauki kayenka ka tafi likitar unguwarku, wadda ake ce wa CSI, ka nuna wa majo. In abin ya fi ƙarfinsa shi zai tura ka babbar likita. Takardar ba ta yanke hukunci, likita ne zai duba ya faɗa. Amma tana sauƙaƙa maka baki, don da yawa in sun zauna gaban majo sai su ce ciwon kai ne kawai, a ba su ƙwaya biyu su dawo da abin da suka tafi da shi.

Kuma ƙirgan nan ba zai yi daidai ba sai in mataki na uku ya yi daidai. In ka cika da ka ranar Juma'a, ƙarya za ka ƙirga. In ka sa O don kunya, ƙarya za ka kai wa majo. Na faɗa, na sake faɗa, kuma gobe zan duba kaye ɗaya bayan ɗaya. Ba alamominku zan karanta ba, wannan sirrinku ne, ku rufe da hannu in kuna so. Kwanan wata kaɗai zan duba.

Kada wanda ya karaya. Hannun da ya iya daidaita bulo da igiya ba zai kasa O da X ba.

Darasi na 3: Yadda ake tambayar abokin aiki

Kafin mu shiga, kowa ya ɗaga kayensa. Wanda ya cika jiya da dare, sannunsa da ƙoƙari. Wanda ya cika yanzu a kan gwiwarsa, na gan shi. Yau da dare a gyara.

Wani abokin aikinku ba ya zuwa aji, ba shi da kaye. Ku ne idonsa. In kun ga mai barkwanci ya yi shiru, ya daina zama wurin shayi, yana cin abinci shi kaɗai a bayan tarin yashi, ko yana faɗa da kowa, kada a sa masa suna, kada a yi masa dariya. Mutum ɗaya wanda suke shiri ya same shi a gefe, ba a gaban jama'a ba. Lokacin hutun azahar ya yi, ko a hanyar komawa gida.

Ku karanta waɗannan, ku haddace:

Na ga kwanan nan ka yi shiru.
Yaya barci?
Me ya fi damunka?
Ina jinka.

Bayan ka tambaya, ka kama bakinka. Zai ce ba kome. Kada ka tashi. Zauna kaɗan, ka ce, ni ma lokacin da aiki ya tsaya na sha wuya. Sau da yawa a nan ne magana take fitowa. In ta fito, kada ka tare ta da sai haƙuri tun bai kai aya ba. Haƙuri gaskiya ne, amma in ya zo da wuri yana rufe baki. Kada ka ce ai kai namiji ne. Ya sani, shi ya sa ya yi shiru tun farko. Abin da ya faɗa maka kuma amana ce, ba ta zuwa majalisa.

Wuri ɗaya ne ba a riƙe sirri. In ya ce gara ya mutu, ko ya ce iyalinsa za su fi hutawa in ba shi, ko ya fara rabar da kayan aikinsa ba dalili, to a tambaye shi kai tsaye: kana tunanin kashe kanka? Na san tambayar tana da nauyi a baki. Masana lafiyar ƙwaƙwalwa sun tabbatar cewa tambayar ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai. Kada ya hau sama ranar. A kawar da maganin ƙwari na gona, da igiya, da tarin ƙwayoyi daga inda yake. A kira babban ɗan uwansa, a kai shi likita a ranar, ba gobe ba. Ba a ɗaure shi, ba a dukansa.

Masu cewa a kai wa malam, ban hana addu'a ba. A yi addu'a, a kuma je likita. Wanda ya faɗo daga tsani ana yi masa addu'a, ana kuma kai shi wurin ɗori.

Shugabannin shantiye da ke cikinmu, ku ma da naku. In za a tsayar da aiki, ku faɗa wa yara tun da wuri, ku faɗi ranar biya ku cika. Rashin sanin gobe ya fi aikin kansa cin mutum.

Aikin aji: bibbiyu, ɗaya ya tambaya, ɗaya ya amsa. Mai tambaya ya ƙirga 1 zuwa 10 a zuci kafin ya sake magana.

Darasi na 4: Ƙwaya, shayi da numfashi

Mu faɗi gaskiya, tramol yana yawo a wuraren aiki. Maganin ciwo ne mai ƙarfi wanda likita kaɗai ya kamata ya rubuta. Ana sha don a daɗe ana ɗaukar kankare ba a ji gajiya ba. Jiki yana sabawa da shi, gobe sai an ƙara, in an ƙara da yawa yana kawo farfaɗiya, in an rasa kuma ga rashin barci, ga fushi, ga rawar jiki. Wato abin da ake gudu shi yake ƙarawa. Wanda ya riga ya saba ya je ya gaya wa majo, a taimaka masa ya rage a hankali. In ka sha, ka sa ƙaramin harafin t a gefen layin ranar. Da gaskiya, kamar yadda muka ce.

Shayi mai ƙarfi bayan magariba yana korar barci. A sha na rana, a bar na dare. Waya ma haka, saƙonnin murya na tsoratarwa da ake turawa ba a san mai su ba, a daina saurarensu a kan shimfiɗa.

In gaba ya faɗi, sauko daga tsani tukuna. Zauna. Ja numfashi ta hanci kana ƙirga 1 zuwa 4. Sake shi ta baki a hankali kana ƙirga 1 zuwa 6. Yi haka sau biyar. Ba ya biyan bashi, amma yana kwantar da bugun zuciya har ka iya tunani.

Rubuta: hanci 4, baki 6.

Darasi na 5: Rubuta bashi

Bashin da ke cikin kai ya fi na takarda girma. A shafin ƙarshe na kaye, ja layi ɗaya a tsakiya. Hagu, wanda ke binka. Dama, adadi. Jika ɗaya ana rubuta ta 1000, jika biyar 5000. Misali: mai shago 3000, mai haya 10000, ɗan uwa 2000. Tara su. 15000, jika goma sha biyar. Fara da wanda ya fi matsa maka, ka je ka same shi kafin ya zo, ku yanka abin da za ka iya a mako. In aiki ya dawo, shiga adashi da abokan shantiye, ko kaɗan ne.

Wanda bai iya tarawa ba ya koma babin lissafi.

Darasi na 6: Bita

Amsa a kaye.

Gida nawa ne a takardar dare?
Yaushe ake cika ta?
Bayan kwana nawa ake ƙirgawa?
Ina ake kai ta in X ya yi yawa?

A kawo kaye ranar aji mai zuwa, da kwanan wata a kowane layi.